Zailani da Dutse Mai Aman Wuta

Zailani ɗan Galmi ne, garin da kowa albasa yake nomawa. Mahaifinsa ya so ya karanci noma, amma da ya samu gurbin karatu ya sauka Lyon a 2004, sai ya zaɓi ilmin duwatsu, a cikin duwatsun ma ya ware masu aman wuta. Shekara shida yana kansu. Ya san sunan kowane dutse mai hayaƙi daga Italiya har Indunusiya, ya san shekarar da kowanne ya yi amai, amma ko ɗaya bai taɓa gani da idonsa ba. Ɓarɓashin da wasu suka kwaso yake wuni yana leƙawa a ɗakin bincike.

Wannan bai hana shi cika baki ba. A shagon naman Illiassou, wani mutumin Garwa da ke Vaulx-en-Velin a gefen Lyon, inda Hausawa ke taruwa bayan Juma'a, Zailani kan bayyana yadda ƙasa ke tafasa a ƙarƙashin ƙafafunsu har mai sayen kaza ya manta abin da ya kawo shi.

A watan Afrilun 2010 malaminsu, Mushe Alain, ya ce zai kai ɗalibai takwas Stromboli, wani tsibiri a Italiya da dutsensa ba ya hutawa. Zailani ya sayi hular kwano da takalma masu nauyin turmi. Ya bi gida gida yana neman gafara. Ya kira mahaifiyarsa, Hajiya Sabuwa, ya shaida mata zai leƙa bakin wuta.

"Aiko ka aka yi?" in ji ta.

"Karatu ne, Inna."

"To, Allah ya shirya ka." Washegari ta sa aka yi masa saukar Alƙur'ani.

Illiassou ya gasa masa rabin rago na bankwana, aka yi addu'o'i, wani dattijo ma har da share hawaye.

Suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, domin daga can jirginsu zai tashi. Suna isa filin jirgi suka tarar da jama'a zube a ƙasa kan jakunkunansu. Wani dutse ne ya yi amai a ƙasar Iceland, tokarsa ta cika sararin Turai, an hana jirage tashi. Zailani ya tsaya gaban allon da ke nuna lokutan tashin jirage, hular kwano rataye a jaka, ya shiga yi wa wata tsohuwa mai suna Madeleine bayanin abin da toka ke yi wa injin jirgi. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce tunda shi masani ne, yaushe abin zai lafa? Ya ce ilmi bai kai nan ba tukuna. Ta ce to me suke karantawa?

Kwana uku ya yi a ɗakin wani ɗan garinsu a Saint-Denis, gefen Paris. Kullum da safe sai ya fito ya shafa gilashin motocin mutane da auduga, ko zai samu tokar. Abin da ya tara ya sa a kwalba, daga baya bincike ya nuna ƙurar birki ce.

Da Mushe Alain ya gaji da jira, ya ɗauko mota ya kai su yankin Auvergne, inda duwatsun suka daina amai tun shekaru dubbai. Ciyawa ta rufe su, shanu na kiwo a cikin ramin da wuta ke fitowa a da. Zailani ya sa hular kwanonsa duk da haka, ya tsaya aka ɗauke shi hoto. Wata saniya ta biyo shi tana lasar jakarsa, ya ruga, ya zame, ya gurɗe ƙafa.

Ya dawo Lyon yana ɗingishi. Da ya shiga shagon Illiassou, jama'a suka miƙe, aka ba shi kujera.

"Malam Zailani, sannu da arziki! Dutsen ne ya yi maka haka?"

"A kan dutsen ne," in ji shi. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ƙara komai ba. Kafin wata ya ƙare, labari ya kai Galmi cewa wuta ta lashe masa ƙafa.

Ya gama digirinsa na uku a 2012, ya samu aiki a wani kamfani a Bobigny, kusa da Paris, mai auna ƙarfin ƙasa kafin a gina wurin ajiye motoci. Ya auri Hassia, ma'aikaciyar jinya 'yar Damagaram, wadda ta sha labarin Stromboli har ta haddace. A hutun 2017 ta yanko musu tikitin zuwa can ba tare da shawararsa ba.

Suka isa tsibirin, suka bi mai jagora. Sun yi rabin hawa sai dutsen ya yi wani irin gurnani, ƙasa ta motsa. Zailani ya zauna daɓas yana salati. Ya ce tsohon ciwon ƙafarsa ne ya tashi, kuma a ilmance daga nan ma an fi gani. Hassia ta karɓi gorar ruwan ta haye tare da wasu tsofaffin Jamusawa biyu.

Ta sauko fuska duk toka, tana dariya, ta ce ta ga wutar tana tsalle sama.

"Ba wuta ba ce," in ji shi, "narkakken dutse ne."

"Ranka ya daɗe, ni dai na gani."

A jirgin ruwa na komawa ta miƙa masa wayarta. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana yi mata bayanin abin da ta gani, ita kuma tana ɓare lemo tana cewa, "Ashe?"