Hatimin Malamin Kimiyya

A tashar motar Wurno, Habi mai masa tana kallon wani dogo mai furfura, alli ya ɓata masa aljihu. Hadari na haɗuwa, shi kuwa ya tuɓe rigarsa zai naɗe wata faffaɗar takarda mai gidaje kala-kala. Da gani malamin makaranta ne, kuma takardar nan ita kaɗai gare shi.

"Malam, wanga hatimin mi na?"

Yana murmushi. "Jadawalin sinadarai na, Hajiya. Kowane jeri dangi guda na, halinsu ɗaya. Waɗanga, da sun taɓa ruwa sai wuta. Na ƙarshen ba su shiga harkar kowa."

Habi tana juya masa tana dariya. "Duk na san su. Gidan na farkon nika aure."