Haddu da Taraktar da Ta Kai Shi Kan Dutse

Ranar Laraba tara ga watan Agusta, da hantsi, 'yarka Tuda ta tsaya a ƙofar shagona, ko sallama ta kasa yi. Ta ce, "Baba Muha, abokinka ya tafi." Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Haka na ji rasuwarka, Haddu ɗan Bassu, manomin tuffa, abokin gardamata tun muna kiwon awaki.

Mutanen ƙauyenmu Ait Warzan kowa da abin da zai tuna. Wasu za su ce kai ne kake bar wa maƙwabci ranarka ta ban ruwa idan bishiyoyinsa sun fi naka jin ƙishi. Ni kam da tarakta zan tuna ka.

Tun da ambaliya ta cinye hanyar tsohuwar maƙabarta ta kan dutse, aka koma binne mutane a kwari. Mota ba ta hawa, samarin da za su ɗauki makara a kafaɗa kuwa duk sun tafi birni. Amma matarka Itto tana binne can sama, kuma ka ce ba inda za ka kwanta sai kusa da ita. Shi ya sa ka jawo ƙaramar taraktar lambun mahaifinka, wadda kaji suka mayar akurki, ka kwashe hunturu guda kana kwancewa kana ɗaurawa. Ana ta yi maka dariya, ko a jikinka.

Da ta tashi, ka kira ni, da yake fenti ne sana'ata. Na yi mata ja mai ɗaukar ido. Sai na zo kan siraran ƙarafan nan da ke jere a jikin inji kamar haƙarƙari, waɗanda iska ke ratsawa ta kwashe zafi. Ina ɗaga buroshi ka riƙe mini hannu.

"Kul, Muha! Ta nan take shan iska."

"Tsatsa za ta cinye su, tsoho. Dube ta fa, amarya da faso a ƙafa!"

"Kai da za a bar ka, har jakinka sai ka shafe. Ka taɓa hawa dutse da bargo a tsakar rani?"

Na ce ko baƙi ne, shafa ɗaya marar kauri. Ka ƙi. Mun sha shayin na'ana'a ba adadi a kan wannan magana, kuma har gobe ina ganin shafa ɗaya ba ta kashe inji. Kai dai kowace Juma'a sai ka zauna da buroshin waya kana kankare ƙura da gidan zanzaro daga tsakaninsu.

Ranar jana'izarka zafi ya kai intaha. Liman ya ba da shawara cikin tausasawa a binne ka a kwari, don tsofaffi. Tuda ta miƙo mini igiyar tayar da inji, ta ce, "Kai ya koya wa."

Muka ɗora makararka a ƙaramar tirelar da taraktar ke ja. Na tuƙa, dattawa na biye suna kalmar shahada. A kwanar da ta fi tsayi, hucin ƙarafan nan yana dukan ƙwaurina, ina jiran in ji taraktar ta shaƙe. Ko tari ba ta yi ba, Haddu! Ta hau, ta hau, har gindin bishiyar gyaɗar dutsen da ke yi wa Itto inuwa. Na yi kuka, kuma wallahi rabinsa na murna ne.

Ka ci gardama. Ka kuma buɗe mana hanya, don mu masu iyaye da mata a can sama muna da yawa. Tuda ta bar taraktar a hannuna. Jiya Juma'a na zauna da buroshin wayarka, gwangwanin fenti yana kan kantar shago ban ko kalle shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Tuda, da ɗanka Lahsan da ke Faransa, da jikoki, da dukan zuriyar Bassu. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka, Ya sada ka da Itto a Aljanna. Mu kuma Allah Ya kyautata namu ƙarshen. In tawa ta zo, a ɗora ni a tirelar nan, kuma kada wanda ya taɓa mata haƙarƙari da fenti.