Haruna Direba, Mai Tsayawa a Gyadi-Gyadi

Har zuwa watan jiya, kullum da hantsi za ka ga Malam Haruna a bakin titin Zariya yana wanke babbar motar ofishinsu, yana yi wa tayar baya faɗa kamar tana jinsa. Aikinsa shi ne kwasar 'yan rawa da makaɗa zuwa duk zauren da manya suka taru. Yanzu sun kore shi, saura ƙiris ya yi ritaya, kuma da ɓacin rai nake rubutun nan.

Ku ji laifin nasa. Masu rawar nan 'ya'yan leburori ne da masu tura kura na Tarauni da Gyadi-Gyadi. Cakansamin da suke ɗaurawa a ƙafa yana kacau-kacau kuwa, Inna Kulu ce ke saƙa shi da kaba, tsohuwar da ɗanta Mu'azu ke jan gaba a rawar. Bara, ana gwajin rawar da za a kai bikin al'adu na Ikko a wani zaure nan cikin gari, ta yafa gyalenta ta taka har ƙofar zauren don ta ga ɗanta. Mai gadi ya ce ina katinta.

"Wane kati kuma, ɗan nan? Abin da kake ji yana ƙara a ciki, ni na saƙa shi!"

Aka ce ta matsa, motar baƙi za ta shiga. Haruna na zaune a gaban tasa motar yana kallo.

Ranar Asabar bayan la'asar, suna kan hanyar wani taron, sai ya karya kan mota ya shiga filin ƙwallon Gyadi-Gyadi, ya buɗe ƙofar baya.

"Ku sauko. Da cikakkun kaya, ba da singileti ba. Yadda kuke yi wa masu kujera, haka za ku yi wa masu tabarma."

Isyaku mai faci ya shaida mini cewa ya bar taya a ruwa ya ruga. Folasade mai burodi ta rufe teburinta. Matan gida suka hau turame suna leƙe ta kan katanga. Inna Kulu ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Tun daga ranar motar ba ta ƙara wuce unguwar nan a ranar Asabar ba ta tsaya ba.

Ofis suka kira shi, wai yana ɓata kayan gwamnati da jar ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai kaya ana wankewa." Suka ce ya zaɓa, ko tsayawar ko aikin. Mutum ne mai iyali, ya san abin da zai rasa. Asabar ta zo, ya tsaya.

To ni ina tambaya: rawar ta wa ce? Ku ɗebi 'ya'yan mutane ku nuna wa baƙi, ku ce wannan al'adarmu ce, sannan ku tare uwarsu a bakin ƙofa? Ba ku ji kunya ba!

Malam Haruna, kai ne ka dawo mana da abinmu har gida. Direban talakawa, mun gode, Allah ya saka maka, ya buɗa maka wata ƙofar.

Asabar ɗin da ta wuce motar ta zo da sabon direba. Inna Kulu ta ji kacau-kacau daga nesa, ta fito da tabarmarta, motar ta wuce. Kai sabon direba, ban san sunanka ba, amma birki na nan ƙarƙashin ƙafarka. Inna Kulu ta ce Asabar mai zuwa ma za ta fito.