Malam Mutari, Wanda Ya Rufe Famfo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina zaune a buro, wato ofis, a Zinder Lawali ya kira ni daga garin Dogo, ya ce, "Malam, Baba ya cika." Wallahi kunya ta riga hawaye zuwa mini.

Mahaifinsa, Malam Mutari, manomin garka ne mai ƙarancin magana, wanda ba ya ba shuka ruwa sai ya tura yatsa cikin ƙasa ya ji. Na san shi a shekarun fari, da gero ya ƙi, rijiyoyi suka ja baya. Aka turo ni, sabon malamin gona, da tiyo masu ɗiga ruwa a gindin shuka. Takardata ta ƙa'idar ban ruwa ta ce a buɗe famfo safe da yamma har ranar tsinka. Kowa ya bi, ban da shi. Da tumatir ya fara nuna sai ya rage ruwa, ana saura kwanaki a tsinka ya rufe famfon.

Ya ce mini, "Ɗana, tumatirin da zai yi tafiya ba a cika masa ciki."

Ni kuwa, da ɗanyen kai, na tsaya gaban taron manoma na ce tsufa ne da taurin kai. Na sa aka kwashe tiyonsa aka ba wani. Sa'an mahaifina fa! Ya koma jan guga.

Da kaya suka iso kasuwar Zinder, tumatirin waɗanda suka bi ni ya farfashe cikin kwanduna, ruwa na tsiyaya, ƙuda na bi. Shi ne abin da suka sa rai za su sayi hatsi da shi. Nasa kuwa ya yi kwanaki garau, wanda aka yanka aka shanya ya bushe ja wur.

Na gyara takardar, na rubuta dabararsa, na sa sunana a ƙasa. Aka yaba mini. Kullum sai in ce gobe zan je in roƙi gafara, har shekaru suka tafi.

A wurin gaisuwa na ce wa Lawali ina da laifi wajen mahaifinsa. Ya dube ni da mamaki. "Wane laifi, Malam? Ai duk wanda ya tambaye shi, cewa yake, 'Ku bi takardar malamin gona, yaron ya san aikinsa.'"

Jama'a, ku shaida: dabarar nan tasa ce, ba tawa ba.

Allah ya jiƙan Malam Mutari, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi daga Alkausara. Allah ya ba Lawali da mahaifiyarsa da sauran iyali haƙurin rashi. Ni kuma Allah ya yafe mini, tunda wanda zan roƙa ya riga ya tafi.