Darar Baba a wayar Sanusi

Shekara shida ke nan da muka kai ƙanena Sanusi makwancinsa a Gidan Sori, kuma har yau wayarsa na aljihuna, ɗaure da roba saboda batirin ya kumbura. Abokaina 'yan hatsi a kasuwar Gidan Rumji suna yi mini tsiya, wai rowa ce ta hana ni sayen sabuwa. Na daina ba su amsa, na gaji da bayani.

Sanusi mushen lakol ne, wato malamin makaranta, a Sae Sabuwa. In an tashi yara sai ya duƙufa kan tsohuwar kwamfutarsa yana rubutu da wani yaren na'ura wanda, a faɗarsa, masu jin sa a duk duniya ba za su cika kasuwar ƙauye ba. Akwai manhajar da ke juya rubutun ya koma abin da waya ke ganewa, shi tafinta yake ce mata. Wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban ke gina ta kyauta, a buɗe, wanda ya ga ɓaraka ya ɗinke. Na sha gaya masa wannan aikin marasa aikin yi ne. Sai ya yi dariya, ya hau babur ya tafi neman rezo, inda waya ke kama intanet.

Abin da ya gina da yaren nan dara ce ta waya, darar mahaifinmu. Baba gwani ne, daga ƙauyuka ake zuwa a kara da shi. Rani bayan rani Sanusi na tsugune gefen ramukan yana tambayar dalilin kowane matsi, har tsohon ya ƙosa ya kore shi, gobe kuma ya dawo. Baba na da wata ɗabi'a: in ya jera ukunsa na farko ba ya cin ɗan abokin wasa. Sai ya ce, "Wannan na bar maka, gyara zama." Daga nan kuma ba sauran tausayi. Har wannan ɗabi'ar sai da Sanusi ya rubuta a ciki. Ranar da na fara bugawa bayan rasuwar Baba, wayar ta jera uku ta ƙi ci, wallahi kasa ƙarasa wasan na yi.

To, ita tafintar ba ta tsaya jiran kowa ba. An yi ta canza ta har ta daina gane rubutun Sanusi, sababbin wayoyi kuma suka daina buɗe wasan. Ta aljihuna kaɗai ta rage. Bara na roƙi abokin aikinsa, Mushe Idi, ya rubuta wa mutanen can cewa mai wasan ya rasu, a taimaka. Mun yi ta jira har na fid da rai. Sai ga wani bawan Allah da bai taɓa ganin Sanusi ba ya zauna ya gyara komai, ya haɗa da gaisuwar ta'aziyya. Allah ya saka masa.

Idi ya sa mini a sabuwar wayarsa, muka zauna kan buhunan gero na fara bugawa. Ta jera uku, ta cinye mini ɗa nan take. Ashe mutumin ya ga na'ura na samun ci tana bari, ya ɗauka kuskure ne, ya cire. Har ya rubuta cewa yanzu ta fi ƙarfi. Gaskiyarsa, ta fi ƙarfi. Amma ba Baba ba ne.

Mun sake rubutawa mun yi bayani. Shiru har yau. Idi ya ce ba wulaƙanci ba ne, mutanen kaɗan ne, kowa da nasa nauyin, kuma rubutun a buɗe yake, duk wanda ya iya zai iya mayarwa. Shi bai iya ba. Ni kuwa tiya da buhu na sani.

Da Sanusi na nan, na san ba zai ji haushi ba. Murna zai yi baƙo ya taɓa aikinsa, ya mayar da abin kafin la'asar, ya kuma yi mini dariya. Ni ne raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Abin da ya bari yana nan, yara a lakol suna bugawa, kuma na yarda sadaka ce mai gudana. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba. Amma darar da ke yafe cin farko a waya ɗaya take, mai gyaran waya kuma ya ce batirinta ba zai ga damina ba. Yanzu ba na kunna ta sai ranar Juma'a. Ina bugawa har ta bar mini nawa, sai in kashe.