Kabari a Gindin Lemo

A garinmu Kazaure mata ba sa bin gawa. Ana fita da ita sai mu tsaya daga cikin gida muna kuka, maza su dawo su ce an rufe. Mahaifiyata har ta rasu ba ta san inda mahaifina yake kwance ba, kuma abin bai taɓa damunta ba. Ni kuwa na san inda mijina yake, domin a tsakar gidana aka binne shi, a Omdurman ta ƙasar Sudan.

Mutumin Roni ne. Ɗinki ya kai shi can, ni kuma aure ya kai ni. Na tafi ina kumbure-kumbure, ina cewa ba zan zauna ba, sai ga ni na iya Larabcinsu har ina faɗa da masu kayan miya. Gidan haya ne ɗan ƙarami, da bishiyar lemon tsami a jikin katanga, da randuna biyu da nake taƙama da sanyin ruwansu.

Da yaƙi ya ɓarke, jirage suka riƙa zuwa da hantsi. Mukan shige ƙarƙashin gado, ƙasa tana zubowa daga rufi, shi kuma yana tsokanata wai rabon da in matso kusa da shi haka tun ina amarya. Ranar da abin ya faru burodi ya fita nema. Bam ya faɗa kan mutanen da ke layi a ƙofar gidan burodin. Maƙwabta suka kawo mini shi a cikin bargo.

Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce a haƙa nan gindin lemo. Mazan da suka rage a unguwar ba su da yawa, don haka ni na riƙa kwashe ƙasa da kwanon tuwo. Da aka zo rufewa babu itace. Na tuna a gida da tukwane ake yi, sai na ɗauko taɓarya na fasa randunan nan da hannuna, aka jera masa.

Bayan na dawo Najeriya na je Roni wajen mahaifiyarsa. Na zaci za ta tambayi yadda ya cika.

"'Yar nan, an samu abin rufe shi? Ƙasa ba ta taɓa fuskarsa ba?"

"Ba ta taɓa ba, Inna. Randunana na fasa."

"Allah ya yi miki albarka. To wa ke gidan yanzu?"

Har yau ban san wanda ke ciki ba. Dattijon nan wayarsa ta daina shiga. Ko gidan yana tsaye ma ban sani ba. In wasu sun tare, wa zai gaya musu akwai mutum a gindin lemo? Ina tsoron wata ta kafa murhu a kansa. Masu ce mini in dangana haushi suke ba ni. Na dangana da mutuwarsa, kewar wurin ce take ci na. So nake in zauna a inuwar nan ko da yini ɗaya ne.

Yanzu a gidan yayata nake. Kwanan nan da safe ina shara sai ta leƙo ta ce, "Ke wai me jikin katangar nan ya yi miki? Kullum sai ki kewaye shi."

Na duba. Ko'ina fes, sai wani wuri mai tsawon mutum da ban taɓa takawa ba.