Shekarar da Maigidana Ya Ƙi Dasa Albasa

Maigidana tsohon soja ne. Tun kafin aurenmu Turawa suka kai shi yaƙi ƙasashen gabas, ya dawo Wurno da ɗingishi da rashin son magana. Albasa yake nomawa a fadama, kuma ba wanda ya kai shi iya rainon iri.

A lokacin rediyo ɗaya ne a garin, a ƙofar gidan hakimi. Wata ranar kasuwa maigidana ya tsaya saurare, ya shigo gida ko sallama babu. Na kawo masa fura ya ture.

"Malam, mi ya faru?"

"Mutanen Rasha sun samu bam ɗin nan," in ji shi. "Irin wanda anka jefa ma Japan. Muna can munka ji labarinai. Gari guda, da mata da ɗiya, kahin ki ƙyafta ido. Yanzu su da Turawa kowa na riƙe da nashi, kowa na harare da kowa."

Na ce ina mu ina Rasha. Ya ce haka uwarsa ta faɗa wancan karon, sai ga shi cikin jirgin ruwa.

Daga nan kullum yana ƙofar hakimi. Yau a ce 'yan gurguzu sun ƙwace gonakin mutane, gobe a ce shugabansu ba ya shawara da kowa. Irin albasarsa ya isa dashe, ya bar shi ya tsufa a rainon. Ƙanensa ya zo ya roƙe shi.

"Yaya, ruwa na janyewa, mu dasa."

"A dasa ma wa?" Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ni da ƙanen muka dasa abin da ya samu, bai yi kirki ba.

Da damina ta kama, sai mai shela ya zaga gari, wai Di'o, Baturen mulki, na neman tsofaffin soja su hallara a Rabah. Maigidana ya tabbata yaƙin ne ya zo. Ya ɗauki bargonsa ya ce mini ba zai sake hawa jirgi ba. Na riƙe rigarsa, ya ɓamɓare hannuna a hankali ya fita. Gulbi ya cika, amma ya ratsa fadama a ƙafa, ruwa har ƙirji, ya nufi wajen dangin uwarsa a Goronyo.

Waɗanda suka je Rabah suka dawo suna dariya. Ashe lambar girma aka raba musu, aka ba su shayi.

Ƙanen maigidana ya je ya ɗauko shi a kan jaki, yana tarin da bai sake shi ba. Na gaya masa babu yaƙi. Ya dube ni ya ce, "Tukuna dai."

Bai ga kaka ba. Ina da cikin 'yarmu ta biyu aka binne shi.